Ƙullin Bahago

Ban yafe wa maƙwabciyar mahaifiyata ba, kuma ba na jin zan yafe mata nan kusa. Ita ce ta ɗauki rediyonta, ta tsallaka kwata, ta shiga gidanmu na Bolori, ta dire shi a kan tabarma ta ce, "Inna, matso ki ji, littafin 'yarki ake karantawa." Ba wanda ya aike ta. Ta san tsohuwar ba ta yi boko ba, ta san duk dangi mun haɗa baki ba a gaya mata abin da ke cikin littafin nan, amma son a ce ita ta fara kawo labari ya fi ƙarfinta. Har yau in mun haɗu a bakin famfo takan washe baki ta gaishe ni da Kanuri, "Marubuciya, nda watu?" Ni kuma in ce lafiya, in ɗauke kai.

Ƙorafina ke nan, na faɗe shi tun farko don ya fita daga bakina. Sauran maganar ba tata ba ce. Ita rediyo kawai ta ɗauka. Ni na rubuta abin da ya fito daga cikinsa.

Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, ni ta fari, shi auta. Tazararmu da yawa, a bayana ya yi wayo. Bahago ne tun yana rarrafe. Inna ta sha buge masa hannu da ludayi har ya koyi cin tuwo da dama, amma duk wani abu ban da ci, da hagu yake yi. Da ya tasa sai ya shiga kasuwar kifi ta Baga Road, yana ɗaure kwalayen banda a rumfar wani dattijo, daga baya ya fara zuwa bakin tafki da kansa yana saro kaya.

Duk mai ɗaurin kwali da irin ƙullinsa, amma na ƙanina a juye yake. In ka ja igiyar ta inda kowa yake ja, ƙara cijewa take yi. 'Yan dako sukan yi ta tsine masa cikin wasa: "Kai bahago, wannan ƙullin naka sai an kira malami ya tofa masa!" Shi kuma ya yi dariya, ya kama ɗan guntun bakin igiyar da ke leƙowa ta hagu, ya fizga sau ɗaya, komai ya warware. Haka yake ɗaure buhu, haka yake ɗaure akuya, haka yake ɗaure tazugen wandonsa. Ni na san wannan, don ni na sha fama da tazugen nan yana yaro in fitsari ya matse shi yana tsalle yana cewa, "Yaya, yi sauri!"

A shekarun rikici ya hau mota ya tafi saro kifi, motar ba ta dawo ba. Wani ya ce an tare su a hanya. Wani ya ce an gan shi a tsallaken iyaka yana tallar goro. Wani ya ce yana tsare a wani wuri. Ba gawa, ba takalmi, ba hula. A gidanmu magana ɗaya ake yi a kansa: bai dawo ba. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, kuma ba wanda ya isa ya haɗa sunansa da "Allah ya jiƙansa" a gaban Inna.

Ita kuwa sai ta ƙirƙiro wa kanta aiki. Duk ranar da motocin kifi za su sauke kaya, takan yafa wata lafayarta ruwan ƙasa, mai keken adaidaita-sahun da ya saba ɗaukarta ya zo ƙofa, ya kai ta Baga Road. Takan bi kwalaye ɗaya bayan ɗaya tana taɓa ƙullin igiya. Lissafinta mai sauƙi ne: "In yana raye, kifi zai ɗaura, ba shi da wata sana'a. In ya ɗaura, nan kwalin zai zo." 'Yan kasuwar sun san ta, har juyo mata kwali suke yi ba tare da ta roƙa ba. Ko a lokacin da aka rufe hanya, kasuwar ta zama kamar kufai, kaya ba sa zuwa sai jefi-jefi ta wasu hanyoyin, ba ta fasa ba. Takan dawo tana ƙarnin banda, ta ce, "Yau ma babu," ta yi alwala, ta ci abincinta da daɗi. Wannan zuwan ne ya riƙe ta a tsaye. Duk mun sani.

Ni ban iya irin nata haƙurin ba. A lokacin shinkafa da miyar kifi nake sayarwa a Gamboru, ban san alif na boko ba. Na yi ta yawon neman labarinsa ofis-ofis, duk inda na je sai a miƙo takarda a ce in dangwala yatsa, in dangwala ban san me na amince da shi ba. Wata rana wani yaro mai ɗaurin wuya ya ce mini, "Mama, ai ga shi nan a rubuce," ya juya ya ci gaba da danna wayarsa. Haushin wannan maganar ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, na haura arba'in, da tabarau a hancina. Malamarmu sa'ar 'yata ce. Ta ce ina riƙe fensir kamar muciya. Na ce da muciyar na ciyar da gida, ta koya mini kawai ta bar sharhi.

Da na fara haɗa baƙi, sai ta riƙa ara mini littattafan soyayya don bakina ya faɗa. Na daure na karanta biyu, na mayar mata da na uku ko rabi ban kai ba. Na ce, "Malama, ina ruwana da wanda zai auri wance? Ba ki da wanda aka kashe mutum a ciki?" Ajin ya ɗauki dariya, wata tsohuwa a bayana ta ce a'uzubillahi.

A Gamboru na samu abin da nake nema, wurin wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙarƙashin dogon yaro. Ƙaramin littafi ne ba bango, labarin wani da aka tsinci gawarsa a rijiya da mutumin da ya sa kansa gano wanda ya jefa shi. Da yatsa nake bin layi, tukunya tana tafasa a gabana, har na ƙona miya sau biyu. Ina zuwa inda za a faɗi mai laifin, sai na tarar an yage shafukan ƙarshe. Wani ya naɗe ƙosai da su, ina jin. Na koma wurin mai littattafan da faɗa.

"Malam, ka sayar mini da labari ba gindi!"

"Hajiya, yi haƙuri. Ke da kike ciyar da rabin kasuwar nan, ai kin fi ni sanin mutane. Zaɓi wanda ya yi kawai."

Wasa yake yi, ni kuwa na ɗauka. Na zauna na rubuta ƙarshen da kaina, da rubutuna mai kama da tafiyar kaza. Malama ta karanta wa aji, mata suka rabu biyu suna musu, wasu na cewa na zalunci ɗan'uwan mamacin, matarsa ce ta yi. Ranar na gane ina da abin da zai hana mutane tashi daga tabarma.

Daga nan na karanta duk irinsu da na samu. Na haɗa da abin da na ɗauko wurin kakata, wadda a tatsuniyarta kullum ƙaramin abu ne yake tona mai laifi, sawun ƙafa ko gashin da ya maƙale a ƙaya. Masu karatun littafi a rediyo kuma su suka koya mini inda ake yanke magana don mai sauraro ya dawo gobe. Amma babban abin da littattafan nan suka koya mini shi ne, gawa ƙofa ce kawai. A shafukan farko a same ta, a duba ta, a tsallake ta a bi sawun mai kisa. Kuma ina son haka, wallahi ina so. A cikinsu duk wanda ya ɓata ana samunsa, a ƙarshe wani ya zauna ya yi bayani dalla-dalla. Ni ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani.

Na fitar da littafi, na fitar da na biyu. Mai bincikena mace ce mai sayar da abinci, mai kaifin baki, mutane suna cewa ni ce, ina cewa ta fi ni kirki. A na uku ne na yi abin. Ina buƙatar gawar da ta daɗe a bakin ruwa har fuska ta ɓace, ina buƙatar abin da za a gane ta da shi. Na gwada zobe, na gwada laya, na gwada tabon ƙuna, duk na ji aro ne daga littattafan wasu. Sai hannuna ya rubuta tazuge, da ƙullin da ya juya, da guntun bakin da ke leƙowa ta hagu.

Kada wani ya ce kuskure ne. Na san abin da na yi. Na ajiye biro, na fita tsakar gida, na dawo, na sake karantawa, ban goge ba. Shi ne abu mafi kyau da na taɓa rubutawa, kuma na sani. Akwai wanda ya fi wannan muni: tun da ƙanina ya tafi ban yi barci mai daɗi kamar na wannan makon ba. Na same shi. Na ga inda yake kwance. Na huta, ni kaɗai, ban tambayi kowa ba.

'Yata ce take buga mini rubutu a kwamfuta. Da ta zo wurin sai ta tsaya.

"Mama, wannan ai Kawu ne."

"Buga abin da aka ba ki."

"In Kaka ta ji fa?"

"Kakarki a ina za ta ji? Karatu take yi?"

Da wannan na rufe bakinta, da shi na rufe nawa. Da gidan rediyo suka nemi su karanta littafin, har turaren wuta na raba don murna. Na tuna rediyon Inna ya daɗe da mutuwa, na ce shi ke nan. Na manta unguwa ba rediyo ɗaya ne a cikinta ba.

Ranar da aka karanta wannan shafin, bayan la'asar na je kai mata miya. A zaure na ci karo da maƙwabciyar tana fita da sauri, rediyon a ƙarƙashin lafayarta, ko gaisuwa babu. Inna tana zaune a kan tabarma, carbinta a ƙasa, ba a hannu ba. Ni 'yar fari ce, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, "Ke, zauna." Da Kanuri ta faɗa, wanda ba ta yi mini sai magana ta yi nauyi.

"Tun yaushe kika sani?"

"Na san me, Inna?"

"An ce a bakin ruwa aka same shi, cikin ciyawa. An ce ta tazuge aka gane shi."

Na ce, "Inna, labari ne. Ƙirƙira ce. Kamar tatsuniyar Kaka."

"Kakarki ba ta taɓa sa ɗan mutum a tatsuniya ba. Kura take sawa, da dila."

Na yi ta bayani kamar mai sayar da maganin gargajiya a tasha. Na ce sunan daban ne, garin daban, wancan dogo ne shi kuwa gajere. Ta bar ni na gama tas, sannan ta yi tambayar da har yau take tashina tsaye in ina cikin rubutu.

"Wa ya wanke shi?"

Kafin in buɗe baki, ta ci gaba.

"Na kasa kunne har aka rufe shirin. An same shi, matar nan mai surutu ta durƙusa ta duba ƙullin, ta tashi ta karkaɗe zane ta tafi neman wani direba. Shi fa? Nan aka bar shi rana tana dukansa? An ce gobe za a ci gaba. Goben za a wanke shi?"

Na bi littafin a cikin kaina shafi-shafi. Na san kowane layi. Akwai direba, akwai mai rumfar da ya yi ƙarya, akwai kamu a ƙarshe da bayani dalla-dalla. Babu ruwa, babu likkafani, babu sahu. Daga wannan shafin ba a sake komawa kansa ba, sai dai a ce marigayin kaza, marigayin kaza.

"A'a, Inna."

"Jibi?"

"Babu a ciki."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Mutumin rediyon yana ta cewa marigayi. Bakinsa ko nauyi bai yi ba." Wannan kalmar ba ta taɓa shiga gidan nan ba sai ranar, kuma ni na turo ta, da muryar wani ƙato da bai san mu ba.

Na ce, "Wallahi Inna ban san komai ba. Ba wanda ya gaya mini komai. Yadda kike jira haka nake jira."

"Ni ban yi makaranta ba," in ji ta, "amma na san ba a kai magana gidan rediyo sai an tabbatar."

"Ana kaiwa, Inna. Kullum ana kaiwa."

"To in ba ki sani ba, ya aka yi hannunki ya iya?"

Ni da ake tsoron bakina daga Bolori har Gamboru, sai na sunkuyar da kai. Don amsar gaskiya ita ce, na daɗe da yanke cewa ya mutu, ina kallonta tana yafa lafaya tana fita, ina ce mata a dawo lafiya.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta miƙa hannu bayanta ta jawo lafayar nan ruwan ƙasa, a ninke, da ma ta fito da ita don washegari ranar sauke kaya ce. Ta tura mini ita da ƙafa.

"Ɗauki wannan. Ƙarnin kifi ya kama ta, ba ta wankuwa. Ki gaya wa mai keken nan kada ya zo gobe."

Sannan ta juya ta fuskanci bango. Miyar da na kawo tana nan a rufe har na fita.

A gida 'yata ta yi ƙoƙarin lallashina. Ta ce wataƙila alheri ne, gwiwoyin Kaka sun gaji, shekara da shekaru tana bin kwalaye, gara ta san gaskiya ta huta. Na ce wace gaskiya? Ni na ga gawa? Abin da na ba ta ba gaskiya ba ce, gajiyata ce na yi wa ado na sa a bakin rediyo. In za a daina jira, ita ya kamata ta ce an daina, a ranar da ta zaɓa, ta kira liman da kanta. Ni na fizge mata guntun igiyar nan ta hagu, sau ɗaya, don littafina ya yi daɗi.

Na yi tunanin zuwa gidan rediyon in ce su dakata. Amma abin da ya shiga kunne ya shiga. Na yi tunanin ƙara babi, in wanke shi, in sa masa likkafani, in tara masa jama'a. Har na ɗauki biro. Sai na ga wannan kashe shi ne karo na biyu, kuma ni ce dai zan sake jin daɗin rubutun. Na ajiye. Mai keken kuwa ban aika masa ba. Ba mantawa na yi ba, bakina ne ya ƙi.

Da gari ya waye na ɗauko lafayar. Ƙarnin ya daki hancina, ƙarnin da ƙanina yake shigo mana da shi gida yana cewa, "Yaya, ƙamshin arziki ne, daina toshe hanci." Na yafa ta, ta yi mini gajarta. Na taka zuwa gidan Inna, na tarar da mai keken a ƙofa yana goge gilashi. Ya dube ni, ya dubi lafayar, ya ce, "Hajiya, tsohuwa lafiya?" Na ce lafiya, jira ni.

Ban shiga ɗakinta ba. Na tsaya a bakin labule na ce, "Inna, ina kwana. Zan je kasuwa. In na ga wani abu zan zo in gaya miki."

Ina jin numfashinta, na san ba barci take yi ba. Na jira har na ji kunyar tsayuwar, na juya. Na kai zaure ke nan muryarta ta biyo ni, ba taushi a cikinta ko kaɗan.

"Ba da ido ake dubawa ba. Da yatsa."

A Baga Road motoci sun riga sun fara saukewa, hayaniya ta cika ko'ina, ƙudaje suna biki. Wani ɗan dako ya hango lafayar daga nesa ya ɗaga murya, "Inna ta iso, a juyo mata!" Da na matso ya ga fuskar ba ita ba ce, ya tsaya da kwali a hannu. Na ce, "Sauke nan." Ya sauke. Ban yarda ƙanina yana raye ba, ko a wannan safiyar ban yarda ba. Na cire tabarau na sa a jaka, na durƙusa, na ɗora yatsana a kan ƙullin farko.